Figma a ajin hulɗar mutum da kwamfuta

Na yi amfani da Figma, manhajar zana fuskar manhajoji da shafukan intanet, wajen koyar da ɗaliban jami'a darasin hulɗar mutum da kwamfuta, wato yadda ake tsara fuskar manhaja ta yadda mai amfani da ita zai biya buƙatarsa ba tare da ya ruɗe ba. Dylan Field da Evan Wallace ne suka kafa kamfanin a 2012, manhajar kuma ta fito ga jama'a a 2016. Tana aiki a cikin burauza, don haka ɗalibi ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai, amma yana buƙatar intanet mai ɗorewa.

Babban alherinta ga malami shi ne aikin haɗin gwiwa. Idan na buɗe fayil ɗin rukuni, ina ganin kibiyar kowane ɗalibi ɗauke da sunansa tana yawo a kan allo, ina kuma iya liƙa gyara a daidai kan maɓallin da ke da matsala, maimakon in rubuta dogon bayani da ba lallai a gane inda ya dosa ba. Tarihin sauye-sauyen fayil yana nuna yadda aikin ya taso, abin da ya rage mini gardamar da aka saba yi a kan wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe a bayan 'yan'uwansa.

Inda na fi jin daɗinta shi ne gwaji. Ɗalibi zai haɗa shafukan da ya zana su zama samfuri mai amsa taɓawa, ya buɗe shi a waya, ya miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, sannan ya kama bakinsa. Na ga wata ɗaliba tana kallon yadda babban yatsan mai gwaji ke ta kuskuren wani ɗan ƙaramin maɓalli da ta maƙale a kusurwar sama. A nan ne ƙa'idar Fitts ta 1954, wadda ta ce lokacin isa ga abin taɓawa ya danganta da nisansa da girmansa, ta zauna mata fiye da yadda lacca ta taɓa zaunar da ita.

Sai dai sauƙin ƙawata zane yana jan ɗalibai su fara da launi da inuwa tun kafin su tambayi wanda za su yi wa aikin abin da yake so. Zane mai sheƙi kuma yana sa mai gwaji jin nauyin kushe shi, domin yana ɗaukan an riga an gama. Sau da yawa nakan tarar da shafi mai kyan gani wanda rubutunsa bai kai bambancin haske na 4.5 da 1 tsakanin rubutu da launin bayansa da ƙa'idojin WCAG (na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet) suka tanada ba, ko wanda ba shi da hanyar komawa baya, alhali samar da wannan hanya yana cikin ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da manhaja da masanin fannin, Jakob Nielsen, ya fitar a 1994.

Saboda haka yanzu ba na barin kowa ya buɗe Figma sai ya kawo zanen fensir a takarda tare da bayanin hirar da ya yi da masu amfani, kuma kaso mafi tsoka na maki yana kan rahoton gwaji da gyaran da ya biyo bayansa.