Suwici mai M da G ko mai I: wanne ne na taraktarka?

Malam, ka ce makullin tsohuwar ƙaramar taraktarka ta aikin lambu ya daina kamawa, mai shago ya ajiye maka suwici biyu masu ƙafa biyar-biyar, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Juya bayansu ka karanta haruffan da aka buga kusa da kowace ƙafa.

Ɗaya za ka ga B, S, M, G, L. Wannan na injin magneto ne, irin yawancin injinan Briggs & Stratton. Shi wannan injin ba ruwansa da batir wajen ba filogi wuta, maganaɗisun da ke jikin fulawil ne ke tayar da wutar kwayil in yana juyawa. Don haka aikin suwicin kashewa ne. Da ka mayar da makulli OFF, sai ya haɗa M (wayar kashewa da ta fito daga kwayil) da G (ta bodi), wutar ta zube a bodi, injin ya mutu. Kamar dai ɗan maɓallin kashe janareta ko injin ban ruwa.

Ɗayan kuma B, S, I, A, R, na injin da kwayil ɗinsa ke shan wutar batir ne, kamar yawancin injinan Kohler K241 da K301 da ke kan tsofaffin taraktocin Cub Cadet da Wheel Horse na shekarun 1960 da 1970. A nan suwicin ciyarwa yake yi: ya ɗauko volt 12 daga B ya kai I, daga can zuwa kwayil. In ka kashe, ya yanke abincin kawai.

Kuskuren biyun ba nauyinsu ɗaya ba. Sa na magneto a injin batir, sitata zai yi ta juyi, filogi babu wuta, ka ɓata yini a banza. Amma sa na batir a injin magneto, wayar kashewa ta faɗa kan I, ka tura wa kwayil volt 12 ke nan, abin da ba a yi shi don ya sha ba. Kafin ka ankara ya ƙone. Na taɓa ganin an yi haka, warin robar da ta narke ne ya fara sanar da mai ita. Abin haushin ma, soket ɗin kan shiga daram a duka biyun.

To, duba injinka kafin ka biya kuɗi. In ka ga kwayil kamar gwangwani a ɗaure a waje, da ƙananan wayoyi a + da −, na batir ne. In kwayil ɗin yana ɓoye ƙarƙashin murfin fanka, siririyar waya ɗaya ce ta leƙo, magneto ne.

Wajen ɗaurawa, fara cire wayar − ta batir, ka ɗauki hoton tsohon haɗin da wayarka. Harafi za ka bi, kada ka bi mazaunin ƙafa, don kamfanoni na sauya jerin. B ta batir ce, S ta solenoid ɗin sitata, L da A fitilu da makamantansu, R kuma wayar caji. Sa mitar gwada wuta a kan wurin da take ƙara in waya ta haɗu, ka gwada sabon tun yana hannunka: a OFF, na magneto zai yi ƙara tsakanin M da G, na batir kuwa shiru a duk ƙafafunsa. Tsohon ma ka gwada shi haka. Sau da yawa tsatsa ce kawai ta ci bakin soket, ɗan gogewa da sanfefa ya wadatar.