Aikin safe ko na dare, wanne ya fi cin nas?

Ƙanwata nas ce a Kumasi, duka biyun ta ɗanɗana. Na safe, 8 zuwa 2, ƙafa da baya ke shan wuya, ga ɗaga marasa lafiya ga cunkoso, amma dai a gadonki za ki kwana. Na dare kuwa awa 12 ne cur, ki dawo gida a unguwar Aboabo rana ta take, yara na ihu, zafi kamar me, ina barci? Jiki da duhu ya saba hutawa, in an juya masa lokaci shekara da shekaru sai hawan jini da suga su fara leƙowa. Ni dai na safe na zaɓa mata, ita kuma wai kwanakin hutun da ake samu bayan aikin dare take so.