KEF LS50 Meta ko Klipsch Heresy IV: wacce ce kunne ba zai gaji da ita ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka tara kuɗi kana so ka sayi lasifika sau ɗaya ka huta, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin waɗannan biyu. Tambayarka ita ce wacce za ka ci gaba da jin daɗinta bayan shekara 10. Ka kuma ce falonka babba ne, ƙasansa tayil, kuma da sola kake amfani.

LS50 'yar Ingila ce. Kamfanin KEF ya fitar da ita a 2012, sigar Meta ta biyo baya a 2020. Ƙarama ce, kan sanda ake ɗora ta. Abin da ya sa mutane ke sonta shi ne ƙaramar lasifikar siririn sauti tana zaune a tsakiyar babbar, sai duk sautin ya fito daga wuri guda. In ka zauna kusa ka sa karatun Alƙur'ani ko waƙar da murya ta fi yawa a ciki, sai ka ji kamar mai karatun yana gabanka. Ina ƙaunar wannan sosai. Amma bakinta inci 5.25 ne kawai, ba ta iya kawo ƙugin babbar ganga, kuma tana cin wuta: ƙarfin jinta, wato yawan ƙarar da take yi idan an ba ta wuta kaɗan, desibel 85 ne.

Heresy kuwa tsohon hannu ce. Paul Klipsch, wanda ya kafa kamfanin Klipsch, ya fara ƙera ta a 1957 a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, har yau ana yinta. Bakinta inci 12, sama kuma ƙaho biyu ne ke tura sauti, kamar yadda bakin kakaki ke buɗewa. Ƙarfin jinta wajen desibel 99. Wannan ratar ta 14 ba ƙarama ba ce: a lissafi, sai amfilifaya ya ba LS50 wuta ninki 25 kafin ta yi ƙarar da Heresy ke yi. Ga mai sola wannan magana ce babba. Sa mata kalangu ko kotso ka ji yadda duka ke fitowa da rai, ko da ka rage murya.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne tayil ɗin nan. Cikin abubuwan da ke sa mutum ya sayar da lasifika mai tsada akwai gajiyar kunne. Sautin da ya burge ka a shago cikin minti biyar, shi ne zai iya sa maka ciwon kai bayan awa uku. Ƙahon Heresy yana da kaifi, kuma ɗaki mai tayil da bango tsirara yana ƙara masa. Kafet mai kauri da labule suna gyara wannan ƙwarai. LS50 ta fi laushi, sai dai a babban falo za ta ɓace, ka dinga ƙara murya, ƙarshe ka koma neman akwatin ƙugi na daban.

Da ni ne da falonka, Heresy zan ɗauka, in fara shimfiɗa kafet kafin ta iso. Kuma kafin ka biya, ka tafi da waƙoƙinka, ka nemi a bar ka ka saurara aƙalla awa guda. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle saboda ƙura.