Yanbu ko Sandaland: ina ya fi wa mai mata da yara uku?

Ƙanina, na ga tambayarka. Ka ce kai injiniyan lantarki ne, kana zaune a Ƙofar Marusa da matarka da yara uku, kuma Allah ya buɗe maka ƙofa biyu lokaci guda: aiki a Yanbu ta Saudiyya, da wani a Sandaland ta Ingila. Kana son sanin inda rayuwa ta fi sauƙi, da inda za ka fi tara abin kanka. Na yi shekara shida a Yanbu kafin in dawo Katsina. Wanda nake bi ma yana Sandaland da iyalinsa, kuma da wuya mako ya fita ba mu yi waya ba.

Kafin komai, ka daina buga albashin nan da naira. Na san ka yi, kowa ya yi, kai ya yi ta juyawa saboda yawan sifili. Amma ba a kasuwar Katsina za ka yi cefane ba. Abin dubawa shi ne abin da zai rage a hannunka ran 30 ga wata.

Garuruwan biyu duk na ma'aikata ne. Yanbu tana bakin Bahar Maliya, a lardin Madina. Tun da aka kafa hukumar masarauta ta Jubail da Yanbu a 1975 aka mayar da ita garin matatun mai, kuma a nan ne bututun da ya ratso ƙasar daga gabas, kimanin kilomita 1,200, yake ƙarewa. Sandaland kuwa a arewa maso gabashin Ingila take, mutanenta sun kai wajen 275,000. A da garin ƙera jiragen ruwa ne, sana'ar ta mutu a 1988, yanzu masana'antar motocin Nissan da aka buɗe a 1986 ce ke riƙe da gidaje da yawa.

A Yanbu ba a cire harajin albashi. Abin da aka rubuta a kwantiragi shi ne zai shigo asusunka, kuma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986, don haka ba ka kwana da fargabar faɗuwarsa. A Ingila kuwa sai gwamnati ta ɗebi nata kafin ka ga naka. Ɗauki fam 41,700 a shekara, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa bizar ƙwararru tun Yulin 2025. Fam 12,570 na farko babu haraji, sauran a cire kashi 20 cikin ɗari, a ƙara kashi 8 na inshorar ƙasa. Abin da zai rage bai cika fam 2,800 a wata ba, kuma ba a taɓa kuɗin fansho ba tukuna. A cikinsa za ka biya haya, da harajin gida na ƙaramar hukuma, da wuta, da gas ɗin ɗumama ɗaki. Sa'ar da aka yi, haya a yankin Sandaland tana cikin mafi araha a Ingila, ba ta kama ƙafar ta Landan ba.

Da kai kaɗai za ka tafi, da na ce maka Yanbu, na yi shiru. Fetur riyal 2.18 ne lita, kamfanoni da yawa suna ba da gida ko kuɗinsa, inshorar asibiti kuma dole ce a kan mai ɗaukar aiki. Harajin kaya ne kawai zai ɗan cije ka, don ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020. Idan ka gama, akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, daga nan cikakken wata.

Iyali ne ke sauya lissafin, kuma nan nake so ka natsu. Tun Yulin 2017 Saudiyya ta sa wa baƙo kuɗi a kan kowane mutum da yake ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Da riyal 100 aka fara, ya kai 400 a wata a 2020. Kai da mutum huɗu, riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, kuma sai ka biya za a sabunta musu takardu. Ga kuɗin makaranta, domin yawancin 'ya'yan baƙi makarantun kuɗi suke zuwa. Da idona na ga magidanta suna raka matansu da yara filin jirgi saboda wannan kuɗi, su koma ɗaki ɗaya su huɗu. Ni ma na mayar da nawa gida a shekara ta uku. Autana ya fara tafiya, ya fara magana, duk ta waya na gani, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

A Sandaland nauyin a farko yake. Kuɗin lafiya na baƙi fam 1,035 ne a shekara kan babba, 776 kan yaro, kuma na duk tsawon bizar ake biya tun kafin a tashi. Ku biyar a bizar shekara uku, ya haura fam 13,000, ban da kuɗin bizar da tikiti. Mutane da yawa fili suke sayarwa. Amma da zarar kun sauka, makarantar gwamnati kyauta ce ga yaran, matarka tana da izinin aiki, kuma akwai hanyar samun zaman dindindin. Shekara biyar ce a da, sai dai a Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da ita goma. A Saudiyya ko ka yi shekara ashirin baƙo ne kai, ranar da aiki ya ƙare iƙama ta ƙare.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. A Yanbu kiran salla ne zai tashe ka, kamar kana gida. Juma'a da Asabar hutu, ka tuƙa mota sa'a biyu da 'yan kai ka ga kanka a Madina, Umra kuwa sai ka gaji. Ba ka tambayar ko nama na halal ne. Idan kewar gida ta dame ka, ka gangara Jidda ko Makka, za ka ji Hausa a kan titi, ka ci tsire a hannun jikokin mutanenmu. Zafi ne dai da gumi, irin wanda Afrilun Katsina bai kai ba saboda danshin teku, kuma babu mota babu zirga-zirga. A Sandaland akwai masallatai da shagunan halal, akwai 'yan Najeriya da yawa saboda jami'ar garin, amma tarbiyyar yara aikinka ne kai da uwarsu, babu kaka babu maƙwabci mai tsawatarwa. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, kuma ɗan'uwana ya ce duhun ya fi sanyin wahalar da shi. Tarzomar ƙyamar baƙi ta Agustan 2024 ma ta taɓa garin, har 'yan sanda suka yi gadin masallaci. Kwana uku matar ɗan'uwana ba ta leƙa waje ba.

Ga nawa ra'ayin. Idan burinka ka tara jari, ka ƙarasa gininka, ka dawo cikin shekara huɗu ko biyar, tafi Yanbu. Idan niyyarka yaran su yi karatu a can ne, kuma kuna iya jure shekara biyun farko ba tare da ajiye komai ba, Sandaland ta fi. Ni da ke da tsofaffi a raye, da za a sake ba ni zaɓi Yanbu zan koma, amma ba zan sa hannu ba sai iyalina na cikin takardar.

Saboda haka ka koma kan kwantiragin Yanbu ka duba abu uku. Kamfanin da kansa ne zai ɗauke ka, ko ɗan kwangila mai kai ma'aikata? Ni ta hannun irin wannan na shiga, na yi wata uku albashi yana makara, ga 'yan'uwa a gida suna jira. An rubuta matsayin mai iyali, har da gida da tikitin shekara? Wa zai biya riyal 400 ɗin da kuɗin makaranta? An sassauta dokar kafili, wadda ta ɗaure baƙo ga wanda ya ɗauke shi aiki, a Maris 2021, kana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya, amma shekara ɗaya a hannun wanda ba ya biya doguwa ce. Turo mini shafukan nan idan ka samu, ko ka same ni bayan sallar Juma'a mu zauna mu karanta tare.