Inda nake zuwa bibiyar ƙodata a Katsina: abin da na gani

Masu ƙoda ɗaya irina sun sha tambayata inda nake duba lafiyata tun da na ba ƙanina ƙoda, aka yi dashen a Kano. Wata cibiyar hoto da gwajin jini ce a nan cikin gari, kuma likitansu ne ya sa nake komawa.

Da aka ɗora mini na'urar hoton ciki, mai aikin ya ce ƙodar ta fi yadda take a tsohon hotona girma. Gabana ya faɗi, don kumburi ne ya fara zo mini a rai. Likitan ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, abin da muke fata ke nan." Ya zaunar da ni ya yi bayani. Ƙodar da ta rage ba ta ƙara yawan ƙananan matatan da ke cikinta, waɗanda ke nan ne ke ƙara kauri, har ta riƙa yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin da biyu ke yi.

Na ce, "To likita, wa ya gaya mata an ɗauke 'yar'uwarta?" Ya ce wani ɓangare na saƙon ta jini yake bi. Masu bincike sun taɓa haɗa jijiyoyin jinin ɓeraye biyu, aka cire ƙodojin ɗaya, sai ga ƙodar lafiyayyen ta soma girma. Cikin sinadaran da aka gano suna da hannu akwai IGF-1, sinadarin da ke sa sassan jiki girma, wanda hanta ce ke samar da mafi yawansa, ƙodar ma tana yin nata. Ga kuma jinin da ke kwarara cikinta ya ƙaru. Wallahi wannan bayani ya fi mini takardar sakamakon amfani.

Inda suka gaza shi ne wajen karɓar baƙi. Layi ba tsari, kuma sakamakon gwajin kiriyatinin (dattin cikin jini da ake aunawa don sanin aikin ƙoda) sai a miƙo maka a ambulan ba ko kalma, alhali mai ƙoda ɗaya lambarsa kan ɗan haura, wanda bai sani ba sai ya tsorata. Ya kamata su gyara.

Likitan ya auna hawan jinina, ya sa aka duba furotin a fitsari, ya ja kunnena kan gishiri da shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen barkatai. In za ku je, ku tafi da tsohon hotonku na kafin aiki, kuma ku nemi ganin likitan da kansa kafin ku fito.