Firamaren unguwa ko ta kuɗi?

Ni dai tun da 'yata Ummi ta kai shekara shida nake ta wannan lissafi. Firamaren gwamnati ta unguwarmu a nan Kano fili ne da ita wallahi, ga bishiyoyin darbejiya ga filin ƙwallo, yaro zai tafi da ƙafa ya dawo da ƙafa ba ruwanka da kuɗin adaidaita, kuma tun 2019 aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a jihar. Malaman ma yawancinsu masu NCE ne, hedimastan ya koyar da ni a aji huɗu, har yanzu in ya gan ni sai ya tambayi Baba. Matsalar dai cunkoso, ranar da na leƙa aji ɗaya yara ne maƙil a kan tabarma wasu har bakin ƙofa, malama ɗaya tana ta fama muryarta ta dishe, abin ya tsaya min a rai.

Ta kuɗin kuwa gidan haya ne aka mayar makaranta, ba wajen wasa sam. Amma yaran aji ba su da yawa, ana duba littafin kowa, ga hadda da yamma. Sai dai kowane zango ga kuɗin makaranta ga na littattafai ga yunifom.

Firamaren unguwa na kai ta, na shiga kwamitin iyaye, mun fara karo-karon sayen bencuna, da daddare kuma ni nake zama da ita muna bitar baƙi da wasali.