Kdenlive a kan Linux Mint: yadda ta kaya da ɗan koyo a Gombe

Idan bidiyon da kake haɗawa na minti ɗaya ne, irin na sitatus ko TikTok, kada ka wahalar da kanka, wayarka ta ishe ka. Amma idan aiki ne mai tsawo, walimar saukar Alƙur'ani, wa'azi ko taron ƙungiya, kuma laftop ɗinka ta kwana biyu, to Kdenlive, manhajar tace bidiyo, a kan Linux Mint, tsarin kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, za ta fitar da kai kunya. Sai dai kafin nan sai ta tilasta maka sanin wasu abubuwa da waya ta saba ɓoye maka.

Ni ba sha'awa ce ta kai ni Linux ba. Laftop ɗina ta hannu ce, Core i5 zubi na shida, RAM giga 8. An daina sabunta Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 daga zubi na takwas take karɓa. Mai gyaran da nake kai wa ya ce da ni, "Malam, in dai ba sabuwa za ka saya ba, bari in sa maka Linux. Kyauta ce, kuma ba a yi mata kirak, wato fasa kullen lasisi." Na ce bismilla. Ana cikin haka Islamiyyar unguwarmu a Pantami ta yi walima, aka tattaro bidiyo daga wayoyin mutane aka ɗora mini, tunda ai ni ne mai kwamfuta.

Abu na farko da za ka sani: babu CapCut a Linux, babu Adobe Premiere. DaVinci Resolve akwai ta, kuma kowa yaba ta yake yi, amma tana son katin hoto mai ƙarfi, sannan ta kyautar a Linux ba ta buɗe H.264, wanda shi ne tsarin yawancin bidiyon waya, haka ma sautin AAC. Wannan ya sa ban ko taɓa ta ba. Na leƙa OpenShot da Shotcut, duka suna aiki, na zauna a kan Kdenlive saboda ta fi kama da abin da masu tace fim ke amfani da shi. Aikin 'yan sa-kai ne na ƙungiyar KDE, ba ta neman ko sisi, ba ta kuma manna maka tambarinta a kan bidiyo.

Wajen ɗora ta akwai dabarar da ta shafi aljihu. Wadda ke cikin ma'ajiyar Mint takan zama tsohon zubi. Ta Flatpak, wata hanyar ɗora manhajoji a Linux, sabuwa ce, amma tana janyo wasu manyan fayiloli tare da ita, data ta sha kashi. Wadda ta fi mini ita ce AppImage: fayil ɗaya ne tak, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filasha. Sai dai in ka danna shi ba zai buɗe ba sai ka shiga bayanan fayil ɗin ka ba shi izinin aiki. Ƙaramin abu ne, amma ya isa ya sa sabon shiga ya ɗauka fayil ɗin ne ya lalace.

Inda na sha wuya sosai wuri biyu ne, kuma duka tushensu bidiyon waya.

Na farko, na jera bidiyon jawabin shugaban makaranta, farkonsa lafiya lau. Can gaba sai na ga bakinsa ya rufe amma murya na ci gaba. In na gyara nan, can ya goce. Dalilin kuwa shi ne waya ba ta ɗaukar hoto da adadi tsayayye. An ce hotuna 30 a daƙiƙa, amma in haske ya ragu ko wayar ta yi zafi sai adadin ya sauka, ya sake hawa. Manhajar tacewa kuwa lissafi take yi da adadi ɗaya daga farko har ƙarshe. Kdenlive tana gane irin wannan bidiyon, tana ma fito da gargaɗi ta ce a bari ta juya shi zuwa tsarin da ya dace da tacewa. Ka amince mata. Zai ci lokaci, sabon fayil ɗin zai fi na asali girma nesa ba kusa ba, amma baki da murya za su daidaita. Tun da na fara yin haka matsalar ba ta dawo ba.

Na biyu, tsinkewar hoto. Wasu wayoyin suna ɗauka da HEVC, tsarin matse bidiyo mai nauyi wa tsohuwar kwamfuta, wasu ma 4K, wato hoto mai girma sosai, don kawai mai wayar ya ji an ce shi ne mai kyau. Tsohuwar laftop in ta haɗu da wannan sai fanka ta hau kuka, hoton yana tafiya yana tsayawa kamar Keke Napep a cunkoson Babbar Kasuwa. Maganin yana cikin saitin aikin, wurin da aka rubuta Proxy. In ka kunna, manhajar za ta yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mara nauyi, ka yi yanke-yankenka a kansa, in ka zo fitarwa ta koma ta ɗauko na asali. Da ni ne, da wannan ne abin da za ta fara tambayar duk wanda ya buɗe ta karon farko, maimakon a bar shi ya lalubo da kansa.

Bayan waɗannan biyun sauran koyo ne na yau da gobe. Madannan Shift da R na yanke bidiyo daidai inda ka tsaya, J da K da L na kai ka baya, su tsayar, su kai ka gaba. Fayil ɗin aikin da ka adana ba ya ɗauke da bidiyon a cikinsa, adireshinsu kawai ya riƙe, don haka kada ka canza musu wuri sai ka gama. Tana adana aiki da kanta lokaci-lokaci, abin da ya yi mini rana da aka ɗauke wuta, batirina kuwa ba ya riƙe caji. Fitar da dogon bidiyo shi ne ba ya son gaggawa, ni sai na tabbatar akwai wuta ko an tada janareta nake farawa.

Wani abu da ya burge ni: sunayen ɗalibai. Linux tana da tsarin madannan Hausa a cikinta, kuma in ka zaɓi salon rubutu irin Noto Sans ko DejaVu Sans, ɓ da ɗ da ƙ suna fita tas a kan allo. Wasu salon masu ado kam ba su da waɗannan haruffan, sai ka duba kafin ka fitar, don iyaye ba sa yafe a ɓata sunan ɗansu ranar sauka. Akwai kuma fasahar rubuta magana da kanta ta hanyar Whisper, manhajar da ke mayar da murya rubutu, Hausa na cikin jerin harsunanta, amma abin da ta rubuta mini gyaransa ya fi rubutawa da hannu wahala.

Inda ta gaza waya a fili shi ne kayan ado na nan take: rubutu mai rawa, sitika, shiryayyun salo. Akwai kaɗan, sauran da hannu za ka haɗa. Darussanta ma galibi da Turanci ake yinsu, wanda bai iya ba sai ya sami mai zama da shi.

Yanzu kafin kowane taro ina zagayawa wurin masu ɗauka in roƙe su abu uku: su kwantar da wayar, su sa girman hoto 1080, hotuna 30 a daƙiƙa, su kashe HEVC, masu iPhone su zaɓi Most Compatible a saitin kyamara. Matasan suna yi ba musu. Wani dattijo ne dai ya ce, "Ɗana, ni a tsaye na saba riƙe ta," haka na sa nasa da baƙi a gefe da gefe.